Matar da ba ta karɓar "da sauƙi"

Ni fa ba na ɓoyewa, kishin matar nan nake yi. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, ko allura ba ta iya ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana yanka kati a tagar asibitin yara, kafin a ba ta wani ɗan ɗaki kusa da wurin ɗibar jini, da tebur, da ƙananan kujeru biyu, da fankar da ta fi ƙara fiye da iska. Yara na kiranta Anti Fensir, don kullum da fensir soke a ɗankwalinta.

Aikinta tambaya. Duk yaron da ke zuwa ganin likita wata-wata, mai sikila ne, mai asma ne, mai ciwon suga ne, sai ya shiga wurinta. Ta shimfiɗa masa takarda mai fuskoki biyar, daga mai dariya har mai kuka, ya riƙa nunawa. Mu iyaye a miƙo mana tamu takardar mai irin fuskokin nan mu cike a kan benci, a rufe ƙofa. Wai so ake a ji yadda rayuwar yaro take daga bakinsa. Ji fa! Ni da na haifi Auta, na yi shekara tara ina jinyar sikilarta, ina gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi har hannuna ya saba da zafi, ni ce ta zaman waje.

Matar nan ba ta taɓa ce wa yaro "yaya jiki?" ba. Wata nas ce ta ba ni labarin dalili. Ƙaninta ya yi fama da irin ciwon Auta, kullum ta tambaye shi ya ce da sauƙi, har safiyar da ya rasu abin da ya ce mata ke nan. Tun daga nan ta daina. Sai dai ka ji ta ce, "Jiya wa ya ɗaura miki takalmi?" ko "Da aka fita hutu, wasa kika je ko aji kika zauna?" Allah ya ji ƙan ƙanin nata, na tausaya mata, amma tausayin bai rage min komai ba.

Ni kuwa safe da yamma, "Auta, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Umma."

In yi hamdala, ranar asibiti in zagaye fuska mai dariya.

Watan jiya likita ya jera takardun biyu a gabana. Ya ce, "Maman Auta, taki ta ce komai lafiya. Tata kuma ta ce wata biyu ke nan ba ta iya hawa benen ajinsu sai ta huta a hanya, kuma ta daina shan ruwa a makaranta don 'yan ajin na yi mata dariyar yawan fita fitsari. Mai sikila ba ruwa, kin san inda hakan ke kaiwa."

Wallahi ji na yi kamar an mare ni. Gorar ruwanta ta makaranta ni ke cika ta kullum, ta dawo min da ita wayam. Ashe a bakin ƙofar makaranta take zubarwa.

Daga ofishin likita ban zame ko'ina ba sai ɗakin fanka. Na ce, "Baiwar Allah, me kike ba 'yata ne da take zazzage miki cikinta?"

Ko ɗaga murya ba ta yi ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Ta ce, "Ba na ba ta komai, Maman Auta. Ga ta nan a bayanki, ki tambaye ta."

Ban tambaya a gabanta ba, Allah ya kiyaye. Sai da muka zauna a rumfar jiran mota na juyo da Auta.

"Ke, waccan matar ce ta haife ki? Ita za ki faɗa wa gaskiya, ni ki riƙa ce min da sauƙi?"

Ta daɗe tana wasa da igiyar jakarta. Sannan ta ce, "Umma, ita in na faɗa mata rubutawa kawai take yi, ta ce to, sai kuma me. Ke in na faɗa miki, ranar ba kya cin abinci."

Na buɗe baki in ce ƙarya ne, sai ga mota ta iso. Motar ta tsaya. Auta ta riga ni miƙewa, ta kama hannuna, ta ce in taka a hankali, matakalar motar na da tsawo.