Limamin Inna

Yayana Haliru bakwaini ne, ko a cikin Inna bai yi haƙurin cika wata tara ba. Haka kuma ya tashi. A tsaye yake cin tuwo, yana gaishe ka ƙafarsa ɗaya na kan babur. Gyaran injin niƙa ne sana'arsa, kuma daga Tambuwal har ƙauyukan Kebbe babu mai injin da bai da lambarsa. Da bel ɗin inji ya tsinke a Fakku, kafin matan da suka jera kwanukan dawa su gama tsaki, wayarsa ta yi ƙara.

Salla kam ba ya bari ta wuce shi, sai dai ka rantse biyo shi aka yi. Na sha gaya masa ko kaza ta fi shi natsuwa a kan tsaba. Sai ya yi dariya ya ce, "Rauda, Allah Ya san mutane na jirana."

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai injin" take cewa, ko "wancan". In wani ya yabe shi a gabanta sai ta kau da kai ta shiga gyaran murhu. Shekara arba'in da shida yana jin sunansa a bakin kowa, ban da nata.

Shekara uku da suka wuce ruɗewar tsufa ta fara taɓa Inna. Da farko ludayi take nema yana hannunta, muna dariya. Wata la'asar na same ta tsaye a kan buzu tana kuka. Ta kai tsakiyar Fatiha, sauran ya ɓace mata, ba ta kuma san raka'a nawa ta yi ba.

"Shekara sittin nika salla," ta ce, "yanzu an karɓe min. Mi niy yi?"

Daga ranar ta rage cin abinci. In aka kira salla sai ta juya fuska bango. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don na ga sallar nan in ta tafi, da Inna za ta tafi. Malamin unguwarmu ya ce a samu namiji ya riƙa jan ta salla, ita dai ta bi. Namijin gidan kuwa ɗaya ne, Haliru, ga shi nan da baƙin mai har gwiwar hannu.

Ranar farko na so in rufe shi da duka. Ya kabbarta, ya zuba, ya sallame, Inna ba ta ko ɗago daga sujadar farko ba. Da ta ɗago ta ga har ya sa takalmi ɗaya, waya a kunne.

"Ka bar ni baya," ta ce. Ba faɗa ta yi ba, faɗi kawai ta yi.

Haliru ya tsaya da takalmin nan ɗaya kamar an kafe shi. Mai injin da ke wayar yana ta "alo, alo". Ya miƙo mini ita, ya koma kan buzu, suka sake.

Ba rana ɗaya ya koya ba. Liman ba ya waiwaya, dole ya koyi jan salla da kunne. Sai ya ji ƙarar gwiwarta ya san ta sauka, sai ya ji ta ja dogon numfashi ya san ta shirya tashi. Ya koma fita da sassafe, ya dawo kafin azahar ta fita, ko da an bar injin a buɗe. Wasu masu injin suka yi fushi suka nemi wani makanike. Wayar kuwa in lokaci ya yi a cikin kwanon sha nake kife ta.

Ya taɓa gaya mini cewa da farko tasbihinsa ƙarewa yake, ya yi shiru da goshi a ƙasa yana lissafin ƙauyukan da ke jiransa. Daga baya lissafin ya gaji ya tafi. "Sai nij ji ashe akwai abin da nika son gaya ma Allah," ya ce, "ban dai taɓa tsayawa ba." Inna kuwa ta koma cin tuwonta, har da neman ƙari.

Bana ruɗewar ta yi nisa. Ni wani lokaci ƙanwarta take ɗauka ta. Shi kuma ta daina gane shi gaba ɗaya, "Malam" take ce masa, tana gyara lulluɓi in ya shigo. Abin yana cin sa, na sani, amma bai taɓa gyara mata ba.

Ran Talatar da ta wuce, bayan sun sallame la'asar, ta matso kaɗan ta rage murya.

"Malam, raka'a fuɗu munka yi?"

"Fuɗu cif, Inna."

"Madalla. Kai kam kana da haƙuri. In roƙe ka wani abu? Ina da ɗa, Haliru. Haliru sunanai. Yaron kirki na, duk cikin ɗiyana babu wanda nika so kamatai, sai dai gudu shikai kullum. Ka koya mashi irin sallar ga taka."

Ina bakin ƙofa da tsintsiya, ina jin su. A cikin kwano waya ta fara kuka, babu wanda ya kula ta. Haliru ya juyo ya dube ta.

"Wa kinka ce, Inna?"

"Haliru," ta ce.

"To, Inna. Shina nan shina koyo."