Tuwon Da Aka Hana Shiga Kurkuku

Kafin in zama abin da na zama, ni ɗan lele ne, auta a ɗakin Hajiyarmu a Kano, mai bakin da zai iya sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Ba na shaye-shaye, ba na faɗa, ban taɓa haura katangar kowa ba. Shi ya sa na daɗe ban yarda ni ɓarawo ba ne. Ku matasa, musamman masu shirin fita waje karatu, don ku nake ba da wannan labari, kuma na yarda ku yi mini dariya inda ya kamata, don ni ma yanzu ina yi.

Mahaifina ya tura ni Kuala Lumpur, wata kwaleji mai zaman kanta a Bukit Jalil. Hankalinsa a kwance yake saboda babbar yayata, Yaya Bilki, tana garin. A Taman Melati suke zaune da mijinta, wanda muke kira Dakta, malami ne a jami'a. Duk ƙarshen mako sai in hau jirgin ƙasan cikin gari, LRT, in je in cika cikina, ta kuma ɗaure mini na tafiya. Yaya ba mai yawan magana ba ce. Idan tana murna da kai, abinci za ta zuba maka. Idan tana fushi da kai, abincin dai za ta zuba maka, sai dai ta dangwarar da kwanon.

Unguwar shaƙatawa ta Bukit Bintang ce ta fara lalata ni, ko in ce idona ne ya lalace a can. Na ga sa'o'ina suna cin shinkafar mandi a gidajen abincin Larabawa, suna canza waya kamar hula, ni kuma ina lissafin kuɗin jirgi. Sai na fara da gida. Na ce wa Baba an ƙara kuɗin makaranta, ya turo, har da sa albarka. Da na ga ƙasa ba ta tsage ba, sai na ƙara.

Daga nan na gano sababbin ɗalibai. Yaro zai sauka bai san kowa ba, yana neman ɗaki. Ni kuma ina riƙe da makullin wani ɗaki a kondo ɗinmu, wato benen hayar da muke zaune, da abokina ya bari ya tafi hutu. Sai in nuna ɗakin, in buɗe taga a ga gari, in ce, "Wallahi mutum uku na jiran sa, amma tunda kai ne, just drop the deposit." In ya tambayi takarda, in ce haba, tsakaninmu? Ɗaki ɗaya na ba wa 'yan Najeriya, na ba wa ɗan Sudan, na ba wa ɗan Bangladash. Ranar da duk suka haɗu a bakin ƙofa da akwatunansu, ina shagon abincin da suke kira mamak ina cin roti da shayi. A nan 'yan sanda suka same ni, ko hannu ban wanke ba.

Bari in gaya muku yadda abin yake, don da yawanmu ba mu sani ba sai mun faɗa. Da farko a ofishin 'yan sanda ake tsare ka, wurin da suke kira lokap, sai a kai ka kotu. Beli akwai, amma baƙo kan sha wuya kafin ya sami wanda kotu za ta yarda ya tsaya masa, ni kuwa wa zai tsaya wa? Sai aka wuce da ni gidan yari a bayan gari ina jiran shari'a. Aka yi mini aski tal-kwabo, aka karɓe kayana, aka ba ni na gida. Kullum ana ƙirga mu, mu zauna a jere mu sunkuyar da kai. Abinci shinkafa ce da ɗan kifi da romo, safe kuma shayi da burodi. Da na amsa laifina aka yanke mini hukunci, ziyara ta ragu, don mai jiran shari'a ya fi wanda aka yanke wa samun baƙi.

Abu ɗaya nake tsoro a lokacin, ba alƙali ba, ba ɗauri ba. Tsorona kada Yaya ta yafe ni. Ita kaɗai gare ni a duk ƙasar.

Sai ga ta a ranar ziyara ta farko. Gilashi ne tsakaninmu, kowa da kan tarho a hannu. Na shirya kuka da rantse-rantse, amma kafin in fara ta ce, "Auta, ka san mutanen nan sun hana ni shigo da tuwo?"

Ashe yadda ake yi a gida ta yi. Ta san a wajenmu idan naka yana tsare, kwano ake kai masa, kuma ba a zuwa gaida mutum hannu na dukan cinya. Ta tashi ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da man shanun da take ɓoyo tun zuwanta daga Kano, ta ɗauko kula biyu ta hau jirgi, ta sauka ta kira mota. A bakin ƙofa ma'aikaciya ta ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Yaya ta ce ai za ta ɗanɗana a gabansu su ga babu komai a ciki. Aka ce tak boleh. Ta ce to ko miyar kaɗai. Aka ce tak boleh, madam, abincin waje ba ya shiga.

Ta koma rumfar jira ta zauna da kulolinta tana hawaye. Nan wata dattijuwa 'yar ƙasar, Makcik Salmah, wadda ta zo ganin mijinta, ta matso ta tambaye ta abin da ya faru. Yaya da guntun Malay ɗinta, Makcik da guntun Turancinta, suka fahimci juna. Yaya ta ce abincin nan dai ba zai koma gida ba, ta buɗe kula ta ce, "Makan," wato a ci. Suka wanke hannu suka ci a kwano ɗaya. Makcik ce ta koya mata komai: a nemi ranar ziyara tun kafin a zo, a taho da fasfo, a bar waya da jaka a ma'ajiya, a zo da wuri. Ta nuna mata kantin gidan yarin, inda ake saya wa ɗaurarre sabulu da biskit da taliyar leda a miƙa masa ta hannun ma'aikata. Ta kuma ce mata kada ta yi kuka a gabansa, ta bari sai ta fito.

Kun ɗauka Yaya ta daina kawo tuwo? Ko kusa. Duk ziyara sai ta dafo, su baje a rumfa da Makcik da duk wadda ta matso, sannan ta shigo ta ba ni rahoto. "Yau miyar taushe ce. Makcik ta tashi da malmala biyu, ta ce yajin ya yi kaɗan. Wata Ba'indiya ta tambayi yadda ake dambu." Ni kuwa ina haɗiyar yawu ina cewa, "Yaya, don Allah ki canza hira." Sai ta ce, "Ai kai na dafa wa, dole ka ji yadda ya yi." Ban taɓa sanin yayata tana da ban dariya haka ba sai da aka raba ta da kwano.

To, ga inda halina ya sake fitowa. Yaya ba ta rowa a kanti, kayana sun fi na kowa yawa a ɗakinmu. Wasu kuwa ba mai zuwa musu, wasu nasu talakawa ne. Sai na buɗe kasuwa. Ka karɓi taliya ɗaya yau, ranar ziyararka ka dawo da biyu. Dokar gidan ta hana, amma a ɓoye nake yi, har ina yaba wa kaina cewa ko a kurkuku ƙwaƙwalwata na ja. Cikin masu karɓa akwai wani tsoho mai ciwon gwiwa, Pakcik Daud, wanda aka ɗaure saboda sigarin fasa-ƙwauri. Duk abin da matarsa ta sayo masa, rabi wajena yake ƙarewa. Ban taɓa tambayar sunan matar ba.

Wata ziyara Yaya ta zauna, ta ɗauki tarho. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ce, "Yau me aka dafa?" Ta dube ni ta ce, "Ka san Pakcik Daud?" Na ce na san shi. Ta ce, "Mijin Makcik ne. Kuih, ƙananan kayan maƙulashensu, take soyawa a bakin titi ta sayo masa biskit ɗin da kake karɓewa. Yau ta gaya mini wani baƙar fata yana cutar mijinta, ba ta san ƙanina ne ba. Auta, hannuna da nata a kwano ɗaya, tana ba ni labarinka." Na fara cewa ai business ne, kowa da yardarsa. Ta ce, "Na ɗauka wahala ce ta sa ka sata a waje. Ashe ni nake kawo maka jari." Ta ajiye tarhon a hankali ta fita, lokacinmu ko rabi bai yi ba.

Ziyara ta gaba ba a kira sunana ba. Ta bayanta ma haka. Da na sami damar buga waya, Dakta ne ya ɗauka. Ya ce, "Yayarka ta ce a gaishe ka." Na ce ina take? Ya ce, "Tana nan. Ta dai ce a gaishe ka."

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take na tuba ba. Haushi na fara ji. Sai kayana suka ƙare, waɗanda nake bi bashi suka lura ba ni da kowa, suka daina ko kallona. Na koma wanka ba sabulu. Wata safiya ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai na ji an taɓa ni. Pakcik Daud ne, ya raba biskit ɗinsa biyu ya miƙo mini. Na ce ba ni da abin biya. Ya yi dariya da bakinsa mai giɓi ya ce, "Makan lah. No need two." Na karɓa, na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke mini hukunci.

Na bi mutanen ɗaki ɗaya bayan ɗaya na ce na yafe abin da nake bi, su ma su yafe mini. Na fara wanke wa Pakcik kaya, ina riƙe shi in za a fita ƙirga saboda gwiwarsa. Gaskiya da farko da lissafi na yi, na san zai gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa Yaya. Ɗan damfara ko tuba zai yi sai ya duba riba. Amma aka yi ta tafiya Yaya ba ta zo ba, ni kuma na ga ban daina ba. Tsohon ya koya mini Malay, na koya masa gaisuwar Hausa, har yana tare ma'aikata da "ina gajiya". Muka riƙa sallah tare. Rannan na lura na kwana biyu ban yi tunanin yadda zan ci da wani ba, abin ya ba ni mamaki.

Saura kaɗan wa'adina ya cika aka kira sunana. Na fito. Yaya ce, amma da ƙyar ta zauna a kujerar, don cikinta ya fito sosai. Sai a lokacin na gane duk zirga-zirgar da ta yi da kuloli a jirgi, da ƙaramin ciki ta yi ta, bayan shekarun da suka yi suna neman haihuwa. Ta ce, "Makcik ta ce wani baƙar fata yana wanke wa mijinta kaya. Na ce mata ƙanina ne." Ta ƙara da cewa, "Wancan karon ban iya faɗa ba." Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe. Amma wannan da ke tafe zai tambaye ni waye kawunsa, ka bar mini abin da zan gaya masa." Sannan ta share ido ta ce aski ya yi mini muni, kunnuwana kamar na jemage.

Baƙo idan ya gama wa'adi ba titi ake sakinsa ba. Hannun jami'an shige da fice aka miƙa ni, na zauna a wurin tsare baƙi har aka haɗa takarduna, Dakta ya sayi tikiti, aka sa ni a jirgi, aka kuma hana ni komawa ƙasar. Ina can tsare Yaya ta haihu. Makcik ta je suna da faranti cike da kuih.

Yanzu ina Kano, ina tsaron shagon kayan waya na wani ɗan'uwanmu. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, har ƙarin kuɗin makarantar da ba a taɓa yi ba. Waɗanda na cuta, wanda na samu ina biyan sa kaɗan-kaɗan, ɗan Bangladash ɗin ne har yau ban gano inda yake ba.

Ku da naku ke ɗaure, ku je ku gan shi. Ku tambayi dokar wurin kafin ku ɗora tukunya, ku gaisa da waɗanda kuka tarar a layi, sun fi ku sanin hanya. Ku taimake shi, amma ku sa ido kan abin da yake yi da taimakon, kuma in ya karkace ku faɗa masa a fuskarsa. Ku kuma samari, ƙaryar farko da za ku yi wa mahaifinku a kan kuɗin makaranta, ku tsaya a nan, kada ku yi ta. Ba kai kaɗai ake ɗaurewa ba, har da mai sonka.

Ɗan Yaya yanzu yana gudu ko'ina, yana haɗa Hausa da Malay, in an kira ni a bidiyo ya yi ta ihun "Kawu, Kawu" yana miƙo hannu in ɗauke shi. Har yau ban taɓa ɗaukar sa ba.