Balbela, Zalɓe da Gwangwanin Abba

A ƙauyenmu, can ƙasan Kirikasamma inda ruwa ke zuwa ya kwana wata huɗu a bayan gida, ba don sanyi ake hura wuta da yamma ba. Don kifi ake hura ta, sai kuma sauro. Idan ruwa ya fara janyewa, maza suka dawo daga kamun kifi da goruna cike, sai aiki ya koma hannun kakarmu, Iya Fanna. Ita ce mai banda. Takan naɗe tarwaɗa wutsiya a baki, ta soke da tsinke, ta jera a kan raga, sannan ta tura ɗanyen itace a ƙasa don ya yi hayaƙi kada ya yi harshe. Mu kuwa jikoki, da mun suɗe kwanon tuwo bayan magariba sai mu zagaye ta. Hayaƙin yana sa mu hawaye, amma gara shi da sauro.

Iya Fanna ba ta iya zama hannu sake ba. Tana tatsuniya tana juya kifi, idonta ɗaya a wuta ɗaya a kanmu. Kuma ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata nan ta fito daga ruwa." Mu kuma mu ce, "Ta zo mu shanya ta." Wanda ya yi gyangyaɗi ta ɗana masa tsinke a gwiwa. Idan kan kifi ya karye, rabon wanda ya fi nutsuwa ne, kuma ni na fi kowa cin sa, domin tun ina ƙarama ni mai kallo ce, ba mai surutu ba.

Yawancin tatsuniyoyinta sun bi ruwa, na manta su. Ɗaya ce ta zauna mini, ta balbela da zalɓe.

Ta ce a da balbela ba ta san shanu ba. A bakin ruwa take da sheƙa, maƙwabcinta zalɓe, kuma kifi suke ci su duka. Wata shekara ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, ruwa kuma ya yi zurfin da bai saba yi ba. Zalɓe mai dogayen ƙafafu ne, yana shiga har inda kifi yake. Ita kuwa ƙafarta gajera ce, iyakarta gefe. Ran nan tana dawowa baki wofi sai ta ga garken shanu na kiwo a fadama, duk inda saniya ta taka sai fara ta tashi. Ta sauka ta bi bayansu, kafin la'asar ta cika maƙoshi. 'Ya'ya suka ci suka ƙoshi, cikin kwanaki suka yi ɓul-ɓul.

Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya yana kallo. Bai yi mata faɗa ba. Ya dai juya wuya gefe, ya faɗa da ƙarfin da za ta ji, cewa shi uwarsa a ruwa ta tsaya ta ciyar da shi, kakarsa ma haka, kuma 'ya'yan da aka ciyar da abin da kofaton wani ya tayar, ai saniya ce uwarsu.

Maganar ta shiga balbela kamar ƙaya. Ta daina bin shanu. Ta shiga ruwa har wuya, tun hantsi har faɗuwar rana, kwana uku ɗan kifi ɗaya ta kama, bai fi yatsa ba. Manyan 'ya'yan suna kuka, autan kuwa ya daina buɗe baki ma. A nan Iya Fanna kan ajiye tsinken juya kifi, ta tattaro wuya cikin kafaɗa, ta zama tsohuwar kififiya, kunkurun ruwa, da ta ɗago kai daga laka.

"Ke balbela, da kika kai musu fara, wanne ne a cikinsu ya tambaye ki wanda ya tayar da ita?"

Ta ƙanƙance murya ta amsa wa kanta, "Babu."

"To shi zalɓen da kike jin kunya, ya taɓa kawo musu ko da ƙayar kifi?"

Balbela ta tashi fir sai fadama. Auta ya rayu. Shi ya sa har yau take bin shanu ba ta kallon kowa, zalɓe kuma yana nan shi kaɗai a ruwa, wuyansa ya lanƙwashe saboda leƙen sheƙar mutane. Iya ta rufe tatsuniyar da cewa, "Ta koma ruwa, wanda ya bi ta ya jiƙe."

Daren nan ni mai shiru na yi magana. Na ce amma Iya, ai zalɓe ne mai gaskiya, balbela ragguwa ce, ta samu na banza. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, sannan ta ce Allah ya ja kwanana in ga nawa. Kan kifi ya karye a lokacin, ta miƙa wa wani.

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini abin da ban sani ba. Shekarar da aka yaye mahaifina ruwa ya cinye gero tun yana tsaye a gona. Iya Fanna ta riƙa shiga ruwa tana tsinko 'ya'yan bado, ta shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, ta daka ta dama masa kunu, ta zuba tsamiya don ta rufe ƙamshin. Bado abincin yunwa ne, mai mutunci ba ya so a gan shi da shi. Ta ce wa kowa gero ne. Wata maƙwabciya ta sunsuna ƙoƙon, ta je bakin rijiya ta baza. Mahaifina ya girma ya zama ƙato mai tuƙa kwalekwale da hannu ɗaya, amma Iya ba ta huce daga maganar rijiyar nan ba har ta koma ga Allah. Na ji tausayinta. Sai dai ban ga inda labarin ya taɓa ni ba.

Yanzu a Hadejia nake zaune, a gidan ɗana Salisu, da ɗakina da akuyata. Jikoki tara aka kawo mini yaye, kuma duk da kununa na yaye su. Gero nake surfewa in jiƙa, in haɗa da gyaɗa, in daka busasshen kifi in tankaɗe har sai ba ƙaya, in zuba. Yadda muka gada, ranar yaye akan karɓo rubutu a ba yaro ya sha, a kawo shi ɗakin kaka, uwa kuma ta ɓuya, kada ya gan ta har ya manta da nono. Ban taɓa samun wanda ya wuce kwana ɗaya yana gardama ba. Ina alfahari da wannan, kuma ban iya riƙe alfaharina a ciki ba. A wani taron suna, da aka zo hirar matan zamani, na ce uwar da ke ciyar da ɗanta daga gwangwani, a kira mai kanti uwar ɗan mana. Mata suka yi shewa. Matar Salisu, Mairo, tana gefe tana zuba shinkafa, da goyon Abba a bayanta. Na ga hannunta ya tsaya a kan ludayi.

Na kuma san dalili. Mairo malamar firamare ce a wajen Malam Madori, tun kafin rana ta fito take bin mota, sai bayan azahar ta dawo. Tana cewa kunu take dama wa Abba ta tafi da shi. Amma ni ba a yi mini wannan. Mai dama kunun gero dole ta fitar da dusa, kuma akuyata ba ta taɓa ganin dusar Mairo ba. Idan na ɗauki yaron, bakinsa ƙamshin madara da alewa yake, ba tsamin gasara ba. Na taɓa ganin ta tana juye wani gari mai ruwan ƙwai daga gwangwani zuwa robar garin kunu, sannan ta cusa gwangwanin a ƙasan jakar makaranta don ta yar a hanya. Na ce a raina bari lokacin yaye ya zo, yaro ya ɗanɗana kunun gaske.

Lokacin ya zo, Abba yana da shekara ɗaya da wata bakwai. Sunan marigayi maigidana aka sa masa, don haka angona nake ce masa. Aka ba shi rubutu, aka kawo shi da ƙullin kayansa. Na dama kunu mai kyau, na ce ango ga girkin amarya. Ya kurɓa sau ɗaya ya tofar. Na ce gobe zai sha. Washegari ya daki ƙoƙon da hannu. Na gwada fate, na gwada tuwo da miyar kuɓewa, ya damtse baki. Ruwa kawai yake karɓa. Rana ta uku kukan ma ya ragu, ya kwanta a cinyata laƙwas, idanunsa sun faɗa, yana bin ƙofa da kallo.

Duk kwanakin nan Mairo ba ta je aiki ba. Ina jin takunta a bayan tagata, ta zo ta tsaya ta koma. Gaban rigarta ya jiƙe da nono. Ta san abin da ɗanta zai ci, yana nan a ɗakinta, taku goma daga inda yake kwance. Ni ma na san ta sani. Ita kunya ta hana ta kawowa, ni kuma girman kai ya hana ni cewa ta kawo.

Bayan la'asar Abba ya yi barcin gajiya. Na fita alwala, sai na same ta durƙushe a bakin ƙofata, hannunta ɗaya a cikin hijabi. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce in yafe mata, ta yi mini ƙarya tun yaron yana wata bakwai. Ta ce ta gwada kunu, ta dama da asuba ta tafi da shi, kafin hantsi ya tsinke ya yi tsami, har ya sa masa gudawa sau biyu. Daga nan ta koma kanti.

"Inna, wallahi duk ranar da na buɗe gwangwanin nan ji nake kamar sata na yi. Ni na ɓata masa baki. Da uwar kirki ce ni, da yanzu yana shan kununki."

Na tsaya da buta a hannu. Ban san me ya kawo ba, sai na ji ƙamshin banda a hancina, na ga Iya Fanna ta tattaro wuya cikin kafaɗa. Shekara sittin da wani abu ina ganin zalɓe ne mai gaskiya. Sai ga shi a tsaye a ƙofar ɗakina, da zanena a jikinsa da butata a hannunsa. Na tambayi kaina, cikin watannin nan da nake ƙirga dusar yarinyar nan, sau nawa na tashi da asuba na dama kunu na ce ungo tafi da shi? Ko ƙayar kifi ban kai sheƙarta ba.

Ni ba mai iya lallashi ba ce. Abin da na iya cewa shi ne, "Wata goma sha biyu kina ba shi, ya taɓa tambayar ki inda aka niƙa shi? Fito da abin nan. Kuma tashi, ƙasa da sanyi."

Ta fito da shi. Na juya gwangwanin a hannuna, rubutu ne zagaye da shi, ni kuwa ban yi boko ba, ban san ko ɗigo ba. Dole na zauna a bakin ƙofa kamar ɗaliba, ita tana nuna mini da raɗa don kada Abba ya ji muryarta. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, cokali kaza, a dama kada ya yi gudaji, abin da ya rage kada a ajiye. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na ga har ta fara gyara zama irin na malamai, na ce kada ta sake ta ɗauko mini bulala. Ta yi dariya hawaye na zuba.

Na dama, na shiga na tashe shi. Da ƙamshin ya bugi hancinsa ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya shanye tas, ya lashi cokali. Ban leƙa taga ba, amma na san tana nan tana jin ƙarar cokali a kwano.

Daga ranar na riƙa saka cokali ɗaya na kununa a cikin nasa, bayan kwana biyu na ƙara. Kafin wata ya mutu yana shan kunun gero da garin kifi, wani lokaci kuma na kanti, duk wanda ya samu. Har yanzu ina ganin kununa ya fi, kuma ba zan fasa faɗa ba. Sai dai yanzu idan zan faɗa, da ƙoƙon a hannuna nake zuwa.

Ina yawan tunanin Iya Fanna. Da ina zaton don mu yi dariyar wuyan zalɓe take ba mu tatsuniyar. Ashe da matar rijiya take magana, shekara da shekaru, tana ba ta amsar da ba ta iya ba ta ba a ranar. Uwa ba ta rasa mai tuhumarta, domin tun kafin kowa ya buɗe baki ita ta riga ta gama yi wa kanta shari'a. Abin da take rasawa shi ne mai ɗago kai daga laka ya tambaye ta ko ɗan ya ƙoshi.

Gwangwanin nan ban bari ta yar ba. Na wanke shi, a ciki nake ajiye garin kifi, yana kan kantar ɗakina inda duk mai shigowa zai gani. Kwanan baya wata daga cikin matan da suka yi shewa a taron suna ta zo gaishe ni. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta ce Inna ke ma? Na ce ni ma. Na miƙa mata goro.