Birkin Babur ɗin Kawu

Jiya na wuce wani makanike a Ƙofar Durbi yana wanke ƙarafa da kananzir, sai warin ya tuno mini da kawuna, yayan mahaifiyata.

Yana da wani tsohon babur tun na samartaka, kuma bai taɓa yarda wani ya gyara masa birkinsa ba. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da hayaniyar siyasa, shi kuwa damuwarsa ɗaya ce: ya gyara birkin, ya kai kansa unguwar Kambarawa ya duba mahaifiyata da ke kwance ba lafiya. Ya ƙi a ɗauke shi a mota.

Na iske shi a zaure ya kwance tayar baya, ya jera ƙarafan bisa tabarma. Ya kankare tsatsa, ya sauya waya, saura ɗan sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke riƙe birkin. Da ya ja shi zai saƙala, sai ya kuɓuce masa.

"Kawu, kawo in gwada."

"Gwada, ɗana."

Na ja har yatsana ya yi jini, na kasa. Na ce bari in kira makanike, ya girgiza kai. Ya daɗe yana kallon hannuwansa da suka yi baƙi.

"A da ko ido rufe saka shi nake," ya ce. "A bari sai gobe."

Washegari ciwo ya kwantar da shi, bai iya tashi ba. Shi da ƙanwarsa ba su ƙara ganin juna ba har suka bar duniya.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sanyaya makwancinka, ya sada ku a Aljanna.