Malama Aisa da Majanyin Safara'u

Hantsi na dubawa za ka ga Malama Aisa da kwandon zare a ka, ta nufi zauren da hukumar En'e ta ba mata don koyon ɗinki a Haɗeja. Tun kafin Turawa su kawo keken ɗinki ajin take wannan zirga-zirga. Bana ido ya gaza, ta ajiye allura.

Mutane na yabon kaifin idonta. Ni ban ga abin yabo can ba, ido ai tare da mai shi yake tsufa. Abin da ta bari dokarta ce: ba ta duban ɗinkin ɗaliba sai abokiyar zamanta ta fara faɗin abin da ta gani.

Matan ajin na tuna daminar da Safara'u, 'yar Auyo, mai tsohon ciki, ta haɗa majanyin goyon ɗan farinta. Ado kam ya yi. Aka miƙa wa Fanna da ke gefenta, ta juya shi, ta ce, "Tubarkalla," ta mayar.

"Shi ke nan?" in ji Malama.

"Malama, kayan jariri ne. In na ambaci aibu wani abu ya faru, cewa za a yi bakina ne."

"Tubarkallarki ta tsare shi daga baki. Uwarsa a kwalekwale take zuwa gida. Me zai tsare shi daga ruwa?"

Malama ta ce wa Fanna ta fara da abin da ya yi kyau, amma na gaskiya. Fanna ta ce bakin ya kalmasu sumul. Sannan ta ce haɗin tsakiya ɗinki bi ɗaya aka yi masa. Ta ja kaɗan, sai ji kake ɓarrr!

Safara'u ta fashe da kuka. "Ke da ko aljihu ba ki iya ba!"

"Gaskiya ne, aljihunta kamar bakin tarwaɗa," in ji Malama. "Gobe ke za ki duba shi. Yau dai ga allura biyu. Wadda ta nuna ɓaraka, da ita ake ɗinkewa."

Ke ce, Aisa, kika gane cewa shirun da muke kira kunya sau da yawa tsoron bakin mutane ne kawai. Ba ki hana tubarkalla ba, kin dai hana a ɓuya a bayanta. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malamai da ɗalibai, in an ba ku aikin wani, ku yaba, ku ja, sannan ku ɗauki allura.

Wancan majanyin ya tsallaka kogi da ɗan Safara'u ruwa na cike, ya goyi ƙannensa. Yanzu yana hannun Fanna, aro aka ba ta. Kafin ta ɗaura, sai da ta ja tsakiyar.