Korar Iska

Maigidana ɗan kora ne. Tun yana saurayi fatake ke ba shi shanu a kasuwar Mafara, ya kora su da ƙafa zuwa kudu, kwana ashirin ko fiye. Idan damina ta faɗi ya dawo gonarmu ta wajen Maradun. Da aka tare gulbi aka yi dam, ruwa ya ci gonar da ƙauyen duka, muka kwashe yara muka koma Mafara wurin yayansa, wanda mahauci ne. A shekarun nan kuma manyan motoci suka karɓe ɗaukar shanu. Ba gona, ba kora.

Mazan da muka taso daga ƙauyen tare da su na ga yadda baƙin ciki ya yi da su. Suna zaune gindin itacen bedi suna maganar gonakinsu har suka rame. Shi kuwa da ya sallame asuba sai ya saɓa sandarsa ya bi bakin hanyar ruwan da aka gina, ya miƙe wajen Bakura. Sai rana ta take yake dawowa, riga sharkaf da gumi. Ya yi wanka, ya sha fura, ya yi wasa da yara. Ranar da aka zo mana da labarin rasuwar ƙanwarsa ma, da aka dawo jana'iza hanya ya kama. Ya dawo idonsa ja, amma muryarsa daidai.

Ni ce ban gane ba. Wata rana a gidan suna wata maƙwabciya ta ce, “Ke, mijin naki har yau kora yakai? Shanu sun ƙare, ya koma korar iska?” Mata suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce a daina dariya, ai wanda ke tafiya ba inda za shi, iskoki ne ke korarsa. Maganar nan ta shige ni.

Na same shi na ce, “Malam, mi kake nema a hanyar nan?”

Ya ce, “Ba ni neman komi. Zuciya kamar bijimi mai faɗa take. In kin gajiyar da shi a hanya, ba ya tunkuyi.”

Na ɗauka ita ma maganar taɓaɓɓu ce. Ban gaya masa ba, na je wurin yayansa ina kuka, na ce a taimake ni kafin ƙanensa ya shiga daji. Yaya ya kira shi ya ce daga gobe ya zauna masa rumfar nama, ya bar yawon nan da ke ja mana magana. Ba a musu da babban wa. Ya ce to.

Shekara bai cika a rumfar ba ya zama wani mutum. Abu kaɗan sai ya fusata, ya daka wa yaro tsawa don ya zubar da ruwa. Kai na sara masa kullum, ya ce ƙirjinsa na dukan tara-tara. Ni kuwa ina jiƙa masa rubutu, ina cewa sauran iskar ce ke fita. Da muka je asibiti malamin asibitin ya ce hawan jini ne, ya tambaye shi ko yana motsa jiki. Ya ce da dai yana yi. Malamin ya ce, “To Baba, me ya sa ka bari? Koma, a hankali.” Ina tsaye a wurin, na rasa inda zan sa fuskata.

Bai samu komawa ba. Sati biyu bayan nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Damina biyu ya yi kwance, ni ke tayar da shi, ni ke kwantar da shi. Da harshensa mai nauyi yakan ce, “Yaya ya cuce ni, amma na yahe mai. Ke kam Allah shi yi miki albarka.” Sai in ce amin. Sau nawa na buɗe baki in faɗa masa ni ce na kai ƙara, sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi tukuna. Wayyo ni.

Yaya bai taɓa tona ni ba. Ina cikin takaba ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Na ce, “Yaya, ban gaya mai ba.” Ya ce, “Na sani,” ya sa takalmansa ya fita.