Kare Dangi da Ƙare Dangi

A shekarar da na fara koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, wani mutumin Kabo yana nemana da aure. Yana karatun digiri na biyu a kan siyasar ƙasashen duniya, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Baba ya riga ya aiko Gwaggo ta tambaye ni ko a ba shi izini ya turo magabatansa. Na ce a ɗan saurara mini. Gaskiya zuciyata ta fara karkata gare shi, domin yana da murya mai daɗi, ni kuwa murya takan ruɗe ni.

Wata rana ya turo mini rubutu ta waya, wai zai karanta a wani shirin rediyo, in duba masa Hausar. A kan rubutun ya sa: Makaman kare dangi. Duk mai sauraron labarai ya san bama-baman nukiliya ake nufi, waɗanda Bahaushe ya raɗa wa suna makaman ƙare dangi. Amma ƙugiyar da ke kan harafin ta faɗi, sai na tsaya ina kallon kalmar ina tunanin abin da zai cancanci wannan suna. Rumbu cike da gero. Rijiyar da ba ta ƙafewa. Zanen goyo. Sannan na mayar da ƙugiyar duk inda ta ɓace, na tura masa.

Ran Juma'a bayan la'asar ya zo zance, ya baje a tabarmar zaurenmu, ƙamshin turarensa har cikin gida.

"Malama sarkin ƙugiya," in ji shi yana dariya. "Ai da kin bar shi yadda yake. Kuskuren waya ne, amma ya fi daidai."

"Ta yaya, Malam?"

Ya gyara zama. Ya yi ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, yana kiran sunayen manyan ƙasashe kamar tare suka yi wasan ƙasa. Wai kowace ta ɗana wa 'yar'uwarta makami, kowace ta san in ta harba ita ma ba za ta kwana ba, shi ya sa kowa ya kama kansa. Wai yarjejeniyoyin rage makamai da ake ta kukan sun wargaje, da ma takarda ce kawai. Tsoro ne ke riƙe da duniya.

Ina kallonsa yana rushe birane da ɗan yatsa, yana tsince ƙaiƙayin tabarma daga shaddarsa. Wannan mutum ko yanka kaza ba ya iya tsayawa ya gani, shi ya faɗa mini da bakinsa. Amma miliyoyin mutane suna fita daga bakinsa kamar ɓawon gyaɗa.

"To, ran da hannun wani ya kuskure fa?" na ce.

"Ba za a kuskure ba. Masana ne."

"Kai ma masani ne, ga shi ka kuskure ƙugiya."

Bai ji daɗi ba, amma ya murmusa. A gidanmu ba a raina irin wannan. Baba, da yake malamin allo ne, yakan mayar da ɗalibi baya a kan ɗigo ɗaya, wanda ya raba ha ƙarami da ha mai ruwa, ya ce wanda bai kula da ɗigo ba ba a ba shi amanar aya.

"Ke kin cika mafarki," ya ce. "Bari in kawo miki misali na kusa. Ko a gida, me ke sa mace ta zauna lafiya? Ta san saki yana bakin mijinta. Ba wai zai furta ba, Allah ya kiyaye. A dai san yana nan."

Ya faɗe ta da wannan murya tasa mai daɗi, yana jiran in yaba hikimar. Sai na hango gidan da yake gina mini: ɗaki mai labule, da shiru, da ni ina taka ƙasa a hankali kada in taɓa abin da aka ɗana. Shi kuma zai riƙa gaya wa abokansa cewa gidansa ba a taɓa jin kanmu ba. Duk karatun nan, duk littattafan nan, abin da ya tsinto ke nan, dabarar da kowane azzalumin ƙauye ya sani ba tare da ya shiga aji ba.

Na ce magariba ta gabato, na yi masa sai an jima.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tankaɗe.

"Gwaggo, ki ce wa Baba kada su turo."

Ta ɗaga kai. "Ikon Allah! Me ya yi miki, 'yar nan? Zagi?"

"Bai yi komai ba. Ya dai ce ba zai yi ba, a san dai yana iyawa."

Ta ajiye rariya. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta kakkaɓe garin da ke zanenta, ta ɗauki mayafi, ta nufi turakar Baba.